Danja ta ba motoci hannu, wa zai ba mai ƙafa?

Duk wanda ya taɓa tsayawa a bakin wata mahaɗa mai danja a cikin garin Bauchi da misalin ƙarfe biyu na rana, lokacin tashin makarantu, ya san abin da zan faɗa. 'Yan firamare sun yi cirko-cirko a bakin kwalta, babbar cikinsu ta damƙe hannun ƙanenta. Ga wata dattijuwa da ƙullin cefane a ka, ga mai baro ya ɗauko buhun albasa daga Muda Lawal. Fitila ta kawo ja, motocin gabansu suka tsaya, sai suka sa ƙafa. Ba su kai tsakiya ba sai ga Keke Napep ta karyo kwana, ɗan acaɓa ya kutso ta tsakanin motoci, wata mota kuma ta taho a guje daga hannun da aka saki. Yara suka kwasa da gudu. Dattijuwar ta ƙame a tsakiyar titi tana salati, direba ya leƙo ta taga yana cewa, "Haba Inna, ba kya ganin mota ne?"

Tana gani sarai. Lokacin da aka ware mata ta tsallaka ne ba ta gani ba, kuma ba za ta gani ba, domin babu shi. Mun saba idan mota ta buge mutum a bakin danja mu ce gaggawa ce ta ja masa, ko ƙauyanci, ko kuwa tsautsayi ne wanda ba ya wuce ranarsa. Ni abin da na lura da shi daban ne. Yawancin danjojin da ke garuruwanmu an kafa su ne don su raba wa ababen hawa layi, kada mota ta yi karo da mota. Mai tafiya a ƙasa ba ya cikin rabon. Yana satar hanya ne a tsakanin rabon wasu, shi ya sa kullum yake tsallakawa kamar marar gaskiya.

Sai mutum ya fahimci yadda fitilar take aiki kafin wannan magana ta zauna masa. A gindin kowace danja, ko kusa da ita, akwai wani akwatin ƙarfe da ke kulle. A cikinsa aka rubuta wa na'ura lissafinta: hannu kaza sakan kaza, sannan na gaba, har a zagayo. A mahaɗa mai hannu huɗu, tsarin da aka fi gani a ƙasar nan shi ne a saki hannu ɗaya a tsayar da uku, a bi su ɗaya bayan ɗaya. Ga direba wannan ya yi daidai, don idan aka sake shi ya miƙe ko ya yi dama ko ya yi hagu, babu mai tare shi. To amma a duba abin daga inda Inna take tsaye. Titin da za ta tsallaka rabi biyu ne, rabin da motoci ke shigowa mahaɗar da rabin da suke fita daga cikinta. Idan aka tsayar da masu shigowa, rabin farko ya zama nata. Sai dai a daidai wannan lokaci an saki ɗaya daga cikin sauran hannuwa ukun, kuma ko wanne ne aka saki, akwai motocinsa da za su fita ta rabi na biyu na titinta. Idan kuma layi ya zagayo kan titin nata, rabin fita ya huta, amma rabin shigowa ya cika da motoci. Ke nan a duk tsawon zagayen, babu sakan ɗaya da faɗin titin gaba ɗaya ya zama babu mota a kansa bisa ƙa'ida. Ko da kowane direba a garin nan waliyyi ne mai bin doka sau da ƙafa, Inna ba ta da lokacin da za ta tsallaka a tafiya ɗaya.

Wanda ya daɗe yana bin irin wannan mahaɗa ya gano dabarar da kansa, ko da bai iya bayyana ta ba. Yakan tsallaka rabin shigowa lokacin da aka tsayar da su, ya tsaya a tsakiya, ya jira sai an sake su, sannan ya tsallaka rabin fita, yana dai sa ido kan masu juyowa su koma inda suka fito. Wannan dabara tana aiki ne kawai idan akwai dakali a tsakiyar titin da zai ɗauki mutum. Inda dakalin bai fi faɗin bulo biyu ba, ko an yi masa tsayi har tsoho ba ya iya ɗaga ƙafa ya hau, ko an kafa allon talla a daidai wajen, to mutum yana tsaye ne a kan siraɗi, mota ta gabansa mota ta bayansa. Mace mai goyo da yaro a hannu, ko mai baro, ko mai keken guragu, suna buƙatar wajen tsayawa da ya kai faɗin mita 2 ko kusa da haka.

Abin ban sha'awa, asalin danja ba ta manta da mai ƙafa ba. Ta farko da aka sani an kafa ta ne a Landan a watan Disamba na 1868, daura da majalisar dokokin Ingila, saboda cinkoson kekunan doki da ya sa tsallaka titin ya zama tashin hankali. Da iskar gas take haske, ɗan sanda ke juya ta da hannu, kuma ba ta yi wata guda cikakke ba ta fashe ta raunata shi. Mai launi uku da muka sani yau, ja da ruwan ɗorawa da kore, wani ɗan sanda ne mai suna William Potts ya fara haɗa ta a birnin Ditiroyit na Amurka a 1920, lokacin da mota ta fara mamaye tituna. Daga nan hankalin injiniyoyi ya koma kan yadda mota za ta wuce da sauri. Sai daga baya aka dawo ana gyara: zanen fari da baƙi na tsallakawa ya fara aiki a Ingila a 1951, fitilar da mai ƙafa ke danna maɓalli ta tsayar masa da motoci kuma a 1969. Mu da muka karɓi abin daga baya, sandar da fitilu ukun muka fi ɗauka, muka bar ƙaramar fitilar nan mai hoton mutum ja da mutum kore. Inda ma aka saka ta, sau da yawa za ka tarar ta mutu, ko tana nuna mutum kore alhali masu kwana suna bi ta kan zanen.

A ce ma an saka fitilar mai ƙafa kuma tana aiki. Saura tambayar sakan nawa za a ba shi, kuma wannan lissafi ne da ɗan aji shida zai iya yi. Layin mota ɗaya yana kai faɗin mita 3 da rabi. Titi mai layi biyu kowane hannu, irin manyan titunan cikin gari kamar na Ahmadu Bello da na Murtala Muhammad, idan aka haɗa da dakalin tsakiya, ana maganar kusan mita 16. A Ingila sun daɗe suna lissafi da cewa mutum yana cin mita 1.2 a sakan ɗaya. Da wannan ma'auni, sakan 13 zuwa 14 sun isa. Amma wane mutum? Wani bincike da masana na wata jami'a a Landan suka wallafa a 2012 ya gano cewa a cikin waɗanda suka haura shekara 65, maza 76 cikin 100 da mata 85 cikin 100 ba sa iya wannan saurin. Amurka ma ta rage nata ma'aunin a 2009 zuwa abin da bai kai mita 1.1 ba. Dattijon da ke dogara sanda yana cin kamar mita 0.8 a sakan, shi sakan 20 yake buƙata a wannan titi. Bambancin sakan shida ko bakwai ne kacal, wanda mai mota ba zai ma lura da shi ba, amma a ƙasa yana nufin kore zai kama wa motoci alhali Baba yana da sauran layi ɗaya da rabi a gabansa. A nan garin kuwa ba tsofaffi kaɗai ba ne masu tafiyar sannu. Akwai makaho da ɗan jagoransa, akwai yarinya mai tallan da tire ya hana ta waiwaye, akwai mai ciki, akwai wanda ya fito daga asibiti da ledar magani, akwai malamin allo da ya jero almajirai goma.

Ɗaya gefen lissafin shi ne jira. Idan hannu huɗu ne kuma kowanne ya ci sakan 30, zagaye ɗaya minti biyu ke nan. Mai mota yana zaune, wani ma da sanyin na'ura. Mai ƙafa yana tsaye a ranar watan Maris ko Afrilu ta Bauchi, wadda ke narkar da kwalta, babu inuwa babu rumfa. Injiniyoyin hanya sun daɗe da sanin cewa idan jira ya fara wuce rabin minti, mutane sukan fara neman kafa su kutsa, a ko'ina cikin duniya, masu boko da marasa boko. Shi ya sa masu tsara titunan birane suke ba da shawarar zagaye gajere, kamar sakan 60 zuwa 90, inda jama'a ke da yawa. Kuma don kada a ɗauka mu kaɗai ake wa wasa da hankali, a 2004 an bayyana cewa a birnin Niyok fiye da 2,500 daga cikin maɓallan tsallakawa 3,250 an daɗe da cire su daga aiki, mutane suna ta danna abin da ba ya haɗe da komai.

Lokaci mafi hatsari a kowace danja shi ne 'yan sakannin sauyin hannu. Ruwan ɗorawa ma'anarta ka tsaya idan za ka iya tsayawa lafiya, kuma galibi sakan 3 zuwa 6 ake ba ta gwargwadon gudun titin. A aikace, a wajen direbobinmu da yawa ma'anarta taka wuta kafin ta rufe. Ga kuma agogon nan mai ƙirga sakan da ake liƙawa a jikin wasu danjoji. An yi shi ne don ya kwantar da hankali, amma ka tsaya ka kalla: wanda ke da kore, yana ganin saura 4, 3, 2, sai ya ƙara mai, wanda ke da ja kuwa yana ganin saura 3 ya riga ya saki birki, na bayansa ya ɗora hannu a kan oda. Su biyun suna cin lokacin da ba nasu ba, ɗaya daga ƙarshe ɗaya daga farko, kuma wannan ɗan tsakanin shi ne kaɗai abin da mai ƙafa yake taƙama da shi. A tsari mai kyau ana barin sakan ɗaya ko biyu da kowane hannu yake ja, don mahaɗar ta wofinta kafin a saki na gaba. Wannan ɗan lokaci an auna shi da gudun mota ne, ba zai tsallakar da ko saurayi ba.

Gudu shi ne uwa uba. Dokar ƙasa ta ƙayyade kilomita 50 a awa a cikin gari. Motar da ke wannan gudu tana cin kusan mita 14 a kowane sakan. Direba mai hankali a jikinsa, wanda ba ya waya, yana buƙatar aƙalla sakan ɗaya tsakanin ganin yaro da taka birki, wato mita 14 sun tafi a banza. Birki mai kyau a busasshiyar kwalta zai ci wasu mita 14 ɗin. Jimla mita 28. Wanda ke tafiyar kilomita 30 kuwa, mita 8 na tunani da mita 5 na birki, ya tsaya cak a mita 13. A daidai inda mai 30 ya tsaya, mai 50 bai ma kai ƙafarsa kan birki ba, da cikakken gudunsa zai bugi yaron. Wannan da taya mai kyau ke nan, ba sudaddiyar tayar da aka sayo ta hannu ba, kuma ba a kan yashin da ruwan damina ke sharowa bakin mahaɗa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce hatsarin mutuwar wanda mota ta buga yana ninkuwa sau huɗu da rabi idan gudu ya tashi daga kilomita 50 zuwa 65. A rahotonta na 2023 ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a hatsarin hanya a shekara, fiye da ɗaya cikin biyar masu tafiya a ƙasa ne, kuma Afirka ce ta fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a. Hatsarin hanya ne kan gaba wajen kashe 'yan shekara 5 zuwa 29. A kan haka ne taron ministocin duniya da aka yi a Sitokhom a watan Fabrairun 2020 ya nemi a mayar da gudu kilomita 30 a duk inda mutane da motoci ke cakuɗuwa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne danja ita kanta tana iya ƙara gudu. A shataletale dole kowa ya rage, don hanyar ta lanƙwasa. A danja kuwa titi miƙaƙƙe ne, wanda ya hango kore daga nesa babu abin da zai sa ya ɗaga ƙafa.

Bauchi gari ne na mararraba. Hanyar Jos, hanyar Kano ta Ningi, hanyar Maiduguri ta Darazo, hanyar Gombe da hanyar Dass duk a nan suke haɗuwa. Saboda haka a cikin masu tsayawa a danjarmu akwai direban da ya kwana yana tuƙi, ƙafarsa ta saba da gudun daji, akwai tirelar siminti daga Ashaka, akwai tankar mai, akwai tifar yashi. Babbar mota tana da nata sharrin ko a tsaye take. Direbanta yana can sama, ba ya ganin abin da ke dab da hancin motar ko gefen ƙofar ɗan kamasho. Yaron da ya bi ta gaban tirela a tsaye, yana ganin ai direba na kallonsa, wallahi sau da yawa ba a san yana wurin ba. Idan kuma za ta yi kwana, tayoyin baya ba sa bin sawun na gaba, sukan yanko ciki su hau inda mutum yake tsaye yana ganin ya kauce.

Akwai wani nau'in hatsari da ya fi ba ni tsoro, don mai kirki ne yake jawo shi ba da niyya ba. Titi mai layi biyu, direban layin farko ya tsaya, har ya ɗaga wa yara hannu su wuce. Motarsa ta zama katanga, yaran ba sa ganin layi na biyu, mai zuwa a layi na biyu ba ya ganin su. Shi yana ganin fili ne a gabansa da fitila da ke shirin sauyawa. Maganin wannan a zane yake: a ja layin tsayawar motoci baya da zanen tsallakawa da 'yan mitoci, yadda kowa zai hango kowa. To ina layin? Fentin da ake shafawa ranar buɗe titi, damina ɗaya da ƙurar hunturu ɗaya sun ishe shi. Inda ya rage ma, a kansa ake tsayawa. Keke Napep da babura sukan tsiyaye ta tsakanin motoci su taru a gaba, su cike daidai wajen da aka zana don ƙafa, har wanda yake gaba ya wuce sandar danjar, ba ya ma ganin fitilar, sai odar na baya ce ke gaya masa an saki hanya.

Ba na ɗora wa mai Keke laifin duka. Yana da balas da zai kai wa mai shi da yamma, ga kuɗin mai, kuma fasinja a bakin mahaɗa yake tsayawa, don nan ne hanyoyi suka haɗu. Muddin ba a ware masa wajen sauke da ɗauka ba, ɗan nesa kaɗan da kwanar, a kwanar zai tsaya. Haka mai lemo da mai gyaran waya da mai suya da suka kafa teburi a kan hanyar ƙafa: kasuwa suke bi. Amma sakamakon ɗaya ne. A kewayen Wunti da Muda Lawal da bakin tashoshi, mai tafiya a ƙasa ya riga ya sauko kan kwalta tun kafin ya iso mahaɗar, don haka ba shi da wata takamaimiyar ƙofa da zai tsallaka ta cikinta. Kowa yana ratsawa ta inda ya samu, direba kuma ba ya sanin ta ina mutum zai ɓullo.

Danja ba katanga ba ce, alkawari ce tsakanin mutanen da ba su san juna ba. Ƙarfinta duka yana kan yardar da kowa ya yi cewa ɗayan zai tsaya. Shi ya sa fitilar da ke aiki yau ta mutu gobe ta fi wadda babu ita sam illa. Yawancin na yanzu da hasken rana suke aiki, wanda ya raba su da matsalar ɗauke wuta, amma batir yana tsufa, ƙura tana rufe faifan, ɓarayi suna kwancewa, mota tana tumɓuke sanda a bar ta a kwance wata da watanni. Mafi muni shi ne ta mutu rabi, hannu ɗaya yana nuna kore ɗayan ba ya nuna komai. Duk ranar da direba ya wuce matacciyar danja lafiya, ya koyi cewa ana iya wucewa. Duk ranar da ya ga jerin gwanon wani babba, ko motar jami'an da ya kamata su kama mai laifi, sun keta ja ba tare da wata larura ba, ya koyi cewa tsayawa ta marasa gata ce. Da dare kuma, bayan jami'ai sun tashi, sai ja ta zama shawara. A lokacin ne masu dawowa daga sallar isha'i da masu fita asuba suke kan titi, da yawa cikin tufafi masu duhu, fitilun kan titi wasu na ci wasu ba sa ci.

Na sha lura cewa ranar da fitila ta mutu aka kawo mai ba da hannu, ɗan yalo fiba ko wani jami'i, tsofaffi sun fi samun sauƙin tsallakawa. Dalili a fili yake. Shi yana da ido. Yana hango dattijo ya ɗaga hannu biyu ya tsayar da kowa, ya ce, "Baba, bismillah, a hankali." Abin da ya yi shi ne ainihin abin da ba a rubuta wa akwatin ba.

Kuma ana iya rubuta masa. Hanya mafi sauƙi ita ce a ƙara kashi na biyar a zagayen, wanda duk motoci za su tsaya, mutane su tsallaka ta kowane hannu. Mahaɗar Shibuya ta Tokiyo da ake yawan nunawa a bidiyo haka take aiki, Landan ma ta yi irinta a wata babbar mahaɗar kasuwa a 2009. Wannan ya dace da bakin kasuwa da bakin makaranta, ko da a sa'o'in cunkoso kaɗai. Kuɗinsa shi ne sakan 20 zuwa 25 da za a ƙara wa jiran direba, kuma gaskiya za a yi gunaguni. Inda ake sakin hannu biyu masu fuskantar juna lokaci guda, akwai wata dabarar: a ba mai ƙafa kore sakan 3 zuwa 7 kafin a saki motocin da ke gefensa, yadda zai riga su shiga titi, mai kwana ya gan shi a gabansa. Hukumar manyan hanyoyi ta Amurka ta ce wannan kaɗai yana rage buge masu ƙafa da kusan kashi 13 cikin 100, kuma ba ya buƙatar ko buhun siminti ɗaya. Sauran gyare-gyaren na magini ne: a faɗaɗa dakalin tsakiya a yanka masa ƙofa daidai da ƙasa, a ɗaga wajen tsallakawa ya zama tudu mai faɗi wanda dole mota ta rage kafin ta hau, a matse bakin kwana. Kwana mai faɗi da santsi tana da kyau a hoto, amma ita ce ke ba mota damar karyawa ba tare da rage gudu ba, kuma tana ƙara tsawon da mutum zai taka. Ga makafi, waɗanda ba su da kaɗan a garuruwanmu, akwai fitila mai ƙara da ke sanar da lokacin tsallakawa, da daɓe mai ƙuraje da ake ji da sanda ko tafin ƙafa, wanda aka fara shimfiɗawa a Japan tun 1967.

Da an yi maganar tsallaka titi, abin da ke fara zuwa bakin mutane shi ne a gina gada. A kan babbar hanya mai gudu, inda ba za a iya tsayar da motoci ba, gadar ƙafa tana da amfani. A tsakiyar gari kuwa ina da ja. Gadar sai ta yi tsayin da tirela za ta wuce ta ƙarƙashinta, fiye da mita 5, wato hawa da sauka kamar na bene mai hawa biyu don a tsallaka mita 16. Waɗanda suka fi buƙatar kariya, tsoho da gurgu da mai ciki da mai kaya, su ne ba za su iya hawa ba. Sai su ci gaba da bi ta ƙasa, a inda yanzu direba yake ganin ba su da hurumi, in an buge su a ce ga gada can sun ƙi hawa. Gadar sama ta motoci irin ta Wunti ita ma tana da nata lissafin. Tana ɗauke masu wucewa daga cunkoso, wannan alheri ne, amma jama'ar kasuwa suna nan a ƙasa, kuma bakin gangarar gada, inda mota ke saukowa da gudu ta haɗu da masu ratsawa, wuri ne da ke buƙatar a tsara masa tsallakawa tun a takarda.

Ta ɓangaren doka ba a rasa hukumomi ba. Akwai Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, tun 1988, akwai 'yan sanda, akwai BAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta jiha, akwai ma'aikatar ayyuka mai titi da fenti, wasu titunan na tarayya wasu na jiha. Yawan hannun ne ma yake sa a rasa wanda za a tambaya idan fitilar mai ƙafa ta mutu. Dokar FRSC ta 2007 ta tanadi tara a kan wanda ya saɓa wa danja ko alamar hanya. Amma ni ban ɗauka girman tara ne ke gyara direba ba. Tabbacin kamu ne. Tara kaɗan da mutum ya san ba makawa sai ya biya ta fi tara mai yawa da ake sasantawa a gefen titi. Kuma kamun ya kamata ya shafi abin da ke kashe mai ƙafa, wato keta ja, tsayawa a kan zane da yin kwana cikin mutane, ba takardun mota kaɗai ba.

Mu masu tafiya a ƙasa ma muna da namu. Akwai mai tsallakawa ido a kan waya, kunne a toshe. Akwai uwar da ke aiken ɗan shekara shida ya tsallaka titi mai layi huɗu sayen magi, alhali yaro a wannan shekaru bai iya auna gudun mota da nisanta ba, ga shi gajere, bayan mota yana ɓoye shi. Tun ranar 2 ga Afrilu 1972 da Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama, ƙa'idar ita ce ka fara duba hagu, sannan dama, ka sake duba hagu. Amma da masu bin hannun da ba nasu ba, wanda bai duba ko'ina ba ya yi ganganci. Duk da haka nauyin ba ɗaya ba ne. Kuskuren mai ƙafa a jikinsa yake ƙarewa, kuskuren mai tan ɗaya da rabi na ƙarfe a jikin wani. A hadisi ma, da aka zo tsara sallama, mahayi aka ce ya fara yi wa mai tafiya a ƙasa, kuma a cikin haƙƙoƙin hanya da aka lissafa akwai kame cuta daga mutane. Direban da ya sauka daga mota a bakin kasuwa, shi ma nan take ya koma cikin masu neman a tsaya musu.

Kafin a kafa danja akan turo ma'aikata su zauna a bakin mahaɗa da takarda, su ƙirga motoci nawa ke bi ta kowane hannu a awa, da wannan ƙidaya ake raba sakannin. A takardar akan ware gurbin ƙananan motoci, na manya, na babura da na Keke. Gurbin da ake buƙata a ƙara shi ne na mutum nawa suka tsallaka, ta ina, da ƙarfe nawa, nawa ne yara, nawa ne tsofaffi. Ɗaliban injiniya na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa ko na kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke nan garin za su iya wannan aiki a mako biyu, da agogon waya da biro, a ranar kasuwa da ranar da ba ta kasuwa ba, da ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Abin da suka samo a miƙa wa mai riƙe da makullin akwatin.